Kaka Ba Ta Barin Layi Rabi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don har yanzu in na tuna idanun mutanen nan sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

Tunda muka ɗauko Kaka daga ƙauye ta daina cin abinci. Sai ta zauna bakin taga, ta ture kwano gefe, kullum tana ramewa. Yayata ta ce a kai ta tsohuwar gonar da ake nuna wa baƙi noman da, ko ranta zai sake. Ita ta kawo shawara, ni aka ɗora wa.

Muka bi motar masu ziyara. Mai bayani ya nuna mana rumbu da garmar shanu da dutsen niƙa, Kaka ko kallo. Daga ƙarshe ya kai mu gonar wake, ya ce mai so ya gwada fartanya a ɗauke shi hoto. Kowa ya ɗan sari ƙasa, ya yi murmushi, ya miƙa wa na kusa.

Kaka ta karɓa, ta gyara ɗaurin zane, ta duƙa.

"Kaka, ya isa, an ɗauka," na ce.

"An ɗauki me? Ciyawar?"

"Mota za ta tashi fa."

"Ta tashi mana. A gidan uban wa ake fara layi a bar shi rabi?"

Direba ya dinga danna ham. Wata mai tabarau ta leƙo ta taga: "Baiwar Allah, ki yi wa tsohuwarki magana mana!" Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai. Na roƙa, na ja hannunta, ta fizge.

Haushi ya ishe ni. Na cire takalmi, na ɗauki wata fartanya, na faro daga ɗaya ƙarshen.

"Wake kike sarewa, 'yar birni! Ido gare ki ko ado?"

Muka haɗu a tsakiya, tafin hannuna duk ya yi bororo.

A mota babu wanda ya kula mu. Na fito da burodina, ban kai baki ba Kaka ta warce. Ta cinye tas, ta kakkaɓe zane.

"Babu ƙari?"

Washegari da safe na sa ƙusa na huda gindin bokitin wankana, na cika shi da ƙasa, na ajiye mata bakin taga da ɗan wake a murfin kwano.