Ranar da Kajal Ta Bar wa Maliha

A wani ƙauyen Kurdawa da ke maƙale a jikin duwatsun arewacin Iraƙi, an yi wata mata mai suna Kajal. Tana da 'ya, Nashmil, mai shekara goma sha ɗaya, da wasu ƙananan yara biyu. Mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar musu 'yar gonar alkama da gida mai soro ɗaya. Ba su da rediyo, ba su kuma da namiji babba da zai zauna a dandali ya jiyo musu abin da gari ke ciki.

Tukunyar dafa alkama kuwa babu gidan da ke da tasa. Ƙatuwar tagulla ce guda ɗaya, ta ƙauyuka biyu. Kowane farkon kaka gida-gida ake dafa alkama a cikinta, a shanya a saman soro kwana uku a rana, sannan a ɓarza. Shi ne sawar, shi ake ci tun daga ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya har ta narke. Ƙuri'a ake jefawa a hular Mam Rostam, wato Baffa Rostam, dattijon da ke ajiye tukunyar. A wannan shekara Kajal ta ci Litinin. Gidan Mam Rostam ya faɗa Laraba, ranar ƙarshe, domin Alhamis da safe mutanen ƙauyen gangare za su zo su ɗauke tukunyar.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Pure Maliha, wato Gwaggo Maliha, matar Mam Rostam, ta shigo dafe da ƙugu. Tun ranar makokin mijin Kajal ba ta sake taka gidan ba. Kajal ta shimfiɗa mata dardumar baƙi, Nashmil ta kawo shayi.

"Kajal, 'yata, alfarma na zo nema," in ji Maliha, ta jefa ƙwayar sukari a baki. "Matan 'ya'yana za su tafi biki birni ranar Laraba. Ni kaɗai da wannan mataccen bayan nawa, wa zai hau mini da alkama soro? Ki bar mini Litinin, ki ɗauki Laraba. Kwana biyu ne fa kawai."

"Haba Pure, ai ko aike kika yi ya isa," in ji Kajal. "Na bar miki."

Maliha ta shanye shayinta, ta yi ta sa albarka har bakin ƙofa.

Ranar Litinin Nashmil ta tafi taya su aiki, kamar yadda kowane gida ke turo hannu ɗaya. Tana ɗauke da bokitin dafaffiyar alkama, tururi na dukan fuskarta, sai rediyon da aka rataye a reshen ɓaure ya fara hasashen yanayi. Mai karantawa ya ce: "Kamar yadda muke ta sanarwa tun ranar Juma'a, ruwan sama mai ƙarfi zai sauka a duwatsun arewa ranar Alhamis. Bayansa sanyi zai sauko, raɓa za ta riƙa daskarewa. Masu shanya su kwashe kafin lokacin."

Nashmil ta ƙirga a yatsunta. Litinin, Talata, Laraba: ta Maliha ta bushe ke nan. Tasu kuwa yini ɗaya za ta samu. Ta dire bokitin a gindin tsani da ƙarfi.

"Pure Maliha, ashe kin ji!"

"Na ji me, 'yar nan?"

"Tun Juma'a ake faɗa. Asabar kika zo gidanmu!"

Matan da ke juya tukunya suka sunkuyar da kai, ludayi ya ci gaba da zagayawa.

"Ku ji mini yarinya da baki kamar reza!" in ji Maliha. "Rediyo Allah ne? Bara ma ya ce za a yi ruwa, ko kaza ba ta jiƙe ba. Ɗauki bokitinki, alkama na hucewa."

Nashmil ta juya wajen dattijon da ke zaune a inuwa. "Mam Rostam, kai ka riƙe hular ƙuri'a. Mu muka ci Litinin."

Ya ja carbinsa, bai ɗago ba. "Tsakanin mata aka yi, 'yata. Ba na shiga."

Ta bar bokitin a nan ta ruga gida, zuciyarta na tafasa. Ta tarar da uwarta tana tsince tsakuwa daga alkama.

"Daye," in ji ta, haka take kiran uwarta, "yaudararmu ta yi! Tashi mu je ki karɓi ranarki, wuta na nan a ƙarƙashin tukunya."

Kajal ta saurara har ƙarshe. Hannunta ya tsaya a cikin faifai, amma ba ta tashi ba.

"Ta sha shayi a ɗakina, na ce na bar mata. Magana ta fita."

"Ai da ƙarya ta karɓa!"

"Ƙaryarta tata ce. Maganata tawa ce."

"To mu ci maganar taki da sanyi!"

"Nashmil!" Kajal ta dube ta har ta yi shiru. Sannan ta ce a hankali, "In ba mu dafa Laraba ba, tukunya ta tafi sai baɗi. Za mu dafa. Wataƙila ruwan ya jinkirta."

Ranar Laraba suka dafa. Cikin masu hawa tsani da bokiti har da matan 'ya'yan Maliha su biyu, babu wadda ta je biki, babu kuma wanda ya tambaye su. Nashmil ta baza alkamar siriri-siriri iyakar faɗin soron, ta yini tana juyawa da katako, tana duban sama.

Ruwan bai jinkirta ba. Alhamis da azahar hadari ya taso daga bayan dutse, iska ta yi sanyi, manyan ɗigo suka fara faɗowa. Kafin Kajal ta yi kira, maƙwabta sun cika gidan da buhuna da zannuwa. Kowa ya kwashi abin da zai iya, ya gudu da shi ɗakinsa don ya shanya kusa da murhu. Maliha ce a gaba, muryarta ta fi ta kowa.

"Ku kai buhu biyu gidana! Ina raye abincin marayu ba zai lalace ba!"

Nashmil ta saɓa rabin buhu ta bi Pure Sabriya, maƙwabciyarsu ta jikin bango. Da ta shiga sai ta ga ɗakin a share tas, an jingine katifu, an shimfiɗa zannuwa, murhu na ci.

"Pure, yaushe kika shirya duk wannan?"

"Tun jiya, 'yata. Ai tun ranar Asabar da muka ga Maliha ta nufi gidanku dafe da ƙugu muka san abin da ya kai ta. Kowa ya ji rediyo."

"Kuka sani? Me ya hana ki leƙo ta kan bango ki gaya wa Daye?"

Sabriya ta karɓi buhun ta fara zazzagewa. "Wa zai ja da gidan da ke ajiye tukunya? Miƙo mini wancan gefen zanen."

Kwana biyu ana ruwa. Ranar Asabar da safe gari ya waye soraye sun yi fari fat da daskararriyar raɓa, rana ta fito ba ƙarfi. Aka fara dawo da alkamar gida-gida. Kajal ta riƙa buɗe buhu tana shinshinawa. Kashi ɗaya cikin uku ya yi tsami, ya fara funfuna, sai dai a zuba wa kaji. Ta ware shi gefe, ta tsaya tana kallon abin da ya rage da bakunan da za su ci shi.

Maliha ta iso da buhu biyun da aka kai gidanta a bushe, mata na biye da ita suna yaba kirkinta. Kajal ta yi godiya, ta taɓa kafaɗar 'yarta. Nashmil ta san abin da ake nufi. Ta kama hannun tsohuwar ta sumbata, ta ɗora a goshinta, haƙoranta a cije.

"Allah ya shirye ki," in ji Maliha. "Na yafe miki rashin kunyar ran nan."

Matan suka ce amin, har da Sabriya. Nashmil ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. A nan ta gane cewa duk sun san gaskiya tun farko, kuma ɗaukar musu buhu cikin ruwa ya fi musu sauƙi a kan su ce wa Maliha ba ta kyauta ba.