Lamba Shida Bayan Ɗigo

Aikina a ofishinmu shi ne tantance bayanan da kamfanoni ke kawo mana, masu cewa in ka ba su lambar IP, wato lambar da waya ko kwamfuta ke shiga intanet da ita, za su faɗa maka inda mai ita yake. Kowannensu zai zo da takarda mai ƙyalli ya ce kashi casa'in da tara cikin ɗari daidai yake faɗa. Ba ƙarya suke yi ba, ƙasa suke nufi. In ka tambaye su gari ko unguwa, sai a fara tari ana gyara zama.

Hanyata ba ta da wani sirri. Ina da jerin lambobi dubu huɗu da na san takamaiman inda suke, na makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikatanmu. Sai in miƙa wa kowane kamfani, in auna nisan da ke tsakanin inda ya ce da inda abin yake. A makon da nake ba da labarinsa kamfanoni uku nake aunawa, kaina har ya fara ciwo.

Ranar Litinin da hantsi Baffa ya zo. Yayan mahaifina ne, safiyo ne da ya shekara arba'in yana awon filaye, kuma bai taɓa tako ofishinmu ba. Ya hau bene hawa biyu yana laluben bango, don hawan jinin ido ya cinye masa na hagu, na daman ma likita ya ce saura watanni. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ajiye takarda a kan teburina ya danne ta da madubin karatunsa, ya ce ya gano inda Auta yake.

Auta ɗansa ne na ƙarshe, ko da yake ya haura talatin. Shekara uku ke nan da ya bar gida. Baffa ya so ya gaje shi a ofis, shi kuwa hankalinsa na kan kwamfuta, har wata rana Baffa ya kira shi mai zaman kashe wando a gaban leburori. Washegari ya ɗauki jakarsa, ya canja lambar waya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan ɗaya ne, babu mai sunkuyawa. Abu guda ne Auta bai saki ba. Shi ya gina wa ofishin Baffa shafin intanet, kuma har yanzu ranar uku ga kowane wata yakan shiga ta ƙofar masu gyara, ya duba, ya fita bai ce uffan ba. Sakatariyar Baffa ce ta lura, ta buga masa lambar da ake shigowa da ita, ta sa ta a wani shafin kyauta, shafin ya ba su lambobin wuri.

Baffa ya ɗora yatsa a kan lambobin. Lamba shida ne bayan ɗigo. Ya ce a sana'arsu wanda ya rubuta shida ya auna wuri har faɗin tafin hannu ne, kuma ba mai rubuta su sai ya kafa ƙafar na'ura a wurin. Ya riga ya sa an duba masa hoton sama: wani gini ne mai rufin kwano kusa da shataletale, a wani gari da ke tafiyar yini guda da mota. Ya yi magana da direba, ranar Alhamis za su tashi. Ni dai ya zo ne in tabbatar masa, tunda an ce aikina ke nan.

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da wanda ya rubuta shafin. Na yi masa bayani a hankali cewa a wajenmu lambobin nan kwalliya ce. Na'ura ce ke zuba su, ko ta sani ko ba ta sani ba shida za ta rubuta. Ya saurare ni irin sauraron da babba ke yi wa yaro mai koya masa daka, ya ce to in tambayi manyan nawa.

Na tambaye su. Kamfani na farko ya ba da wurin nan daidai, na biyu ma haka, na uku ya nuna wani gari dabam can gefe. Baffa ya gyara hula ya ce shaidu biyu sun rinjayi ɗaya. Na ce masa biyun nan bakinsu ɗaya ne saboda a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa, na sha kama su da kuskure iri ɗaya har da harafin da aka rubuta ba daidai ba. Wannan ma bai shige shi ba. Ya ce shekara arba'in bai taɓa ganin turke biyu sun faɗa rami ɗaya bisa kuskure ba.

Gani ya kori ji. Na ce ya ba ni wayarsa. Layinsa na kamfani ɗaya ne da wanda Auta ke shigowa da shi. Na buɗe intanet ɗin wayar, na ɗauki lambarta, na sa a shafin nan nasu na kyauta, na juya masa allon na ƙara girman rubutun. Ya ɗauki madubinsa ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da na takardarsa, leɓensa na motsi. Duka shidan iri ɗaya ne. Shafin ya ce Baffa, da ke zaune a kujerata yana jin ƙarar fankarmu, yana ƙarƙashin rufin kwanon nan kusa da shataletale.

Na kira mai shara ta ara mana wayarta mai irin wannan layin, ita ma can aka kai ta. Sannan na buɗe ainihin kundin masu bayanan na nuna masa: lambobi sama da dubu ɗari biyu aka jibge a kan wannan alama guda. Duk wanda ke kan layin nan, ta wata cibiyar kamfanin wayar da ke garin yake fita zuwa intanet, masu bayanan kuma sai su soka alama a tsakiyar garin su huta. Mai ginin nan ma bai san yana da baƙi ba.

Da wani ne, da sai an yini ana musu. Baffa kuwa ɗan sana'a ne, nan take ya gane, kuma wannan ya fi ba ni tausayi. Ya naɗe takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Ya tambaye ni, cikin muryar aiki, faɗin kuskuren nawa ne. Na ce a irin wannan layin, gwajina ya nuna zai iya kaiwa kilomita ɗari shida ta kowane gefe. Ya yi lissafi a ka. Ya ce to me lambar ta sani na gaskiya?

"Ta san yana cikin ƙasar, Baffa. Ta kuma san ranar uku ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe, yana da rai."

Ya ce in kira direban in sallame shi, shi bakinsa ba zai iya ba. Na kira. Da na gama na ga bai tashi ba, yana murza madubin a hannunsa. Ni ba gwanar lallashi ba ce, kowa a gidanmu ya san haka. Na ce masa wuri ɗaya ne tak na tabbatar Auta na zuwa, shi ne ƙofar masu gyaran shafin, kuma ana iya barin rubutu a ciki wanda ba mai gani sai mai mabuɗin sirri. Muka karɓi mabuɗin a waya wajen sakatariya.

Abin da ya fara shifta mini umarni ne, wai Auta ya bayyana a gida kafin ƙarshen wata. Na ɗage hannuna daga kan madannai na ce wallahi ba da yatsuna ba, in wannan ne gara a bar zuru ta ci zuru. Ya harare ni da idon da ya rage, ya ce na cika sunan da aka sa mini, mahaifiyarsa ma haka take. Ya jira mai shara ta gama ɗakin ta fita. Sannan ya ce in rubuta.

"Idona na tafiya, likita ya ce watanni. Ba ofis nake kiranka ba. Abin da na faɗa gaban mutane ban kyauta ba. So nake in gan ka tun ina gani."

Na rubuta yadda ya faɗa, ban gyara ko wasali ba. Na raka shi ƙasa na sa shi a mota. A rahotona na wannan makon na rubuta cewa duka kamfanonin uku ba abin dogaro ba ne a kan layukan waya, kuma duk wanda muka ɗauka dole ya riƙa nuna faɗin kuskurensa kusa da kowace alama. Shugaban sashenmu ya ce na cika tsanani, ya sa hannu.

Ranar uku ga wata na nemi izini na tafi ofishin Baffa. Na same shi ya sa an jawo masa kujera gaban kwamfutar sakatariya tun ƙarfe tara, ya sha wanka har da turare. Sha ɗaya da 'yan mintoci aka shigo, da lamba irin ta kullum. Auta bai saba wuce minti biyu a ciki ba. Ranar ya yi minti arba'in. Baffa na ta tambayata me yake yi, ina cewa ban sani ba, don ban sani ba ɗin.

Da ya fita na buɗe wurin saƙon. Yana nan yadda muka bar shi, ba a goge ba, ba a kuma amsa ba. Na faɗa wa Baffa haka, ya gyaɗa kai ya fara laluben sandarsa. Sakatariya ce ta ce mu dubi gaban shafin. An ninka girman rubutun duka sau uku, an mai da shi baƙi ƙirin a kan fari, an cire hotunan adon da ke cika ido.

Baffa ya ajiye sandar ya matso da kujera. Babu komai a wurin sai sunan ofis da lokutan aiki da lambar waya. Ya karanta su da kansa ba madubi, a bayyane, tun daga sama har ƙasa. Da ya kai ƙarshe sai ya koma farko.