Bindigar Darwesh Baz

Shekara talatin ina ɗibar alkama a rumbu ɗaya da bindigar nan, ba ta taɓa ba ni tsoro ba sai ranar da aka yi mata kuɗi. Doguwa ce, ta kusa kamo ni a tsayi, gindinta a lanƙwashe da adon farin ƙashi, kusa da kunamarta kuma an zana shaho. Mijina Samandar ya gaje ta wajen mahaifinsa, tare da gargaɗin kada ko bango ya ji tana gidan.

Dalilin ɓoyon shi ne sunan mai ita. Darwesh Baz shi ne mutumin da ya hana sojan Turawa barci a duwatsunmu zamanin kakanni, har yau ana yi masa waƙa a biki. Wata safiya aka tsinci gawarsa a mashigar dutse, an harbe shi ta baya, bindigarsa ta ɓace. Danginsa da ke bayan dutse suka yi rantsuwa cewa duk gidan da aka ga bindigar, a nan jininsu yake. Mu kuwa Pashtun jini ba ya tsufa a wajenmu. In wanda ya yi kisa ya mutu, jikansa yana nan.

Kakan Samandar bai kashe kowa ba. A hannun wani maƙeri mai yawo daga Darra, garin maƙeran bindiga, ya saye ta, wanda ya raɗa masa ta waye, ya kuma sa shi rantsuwa ba zai faɗa ba. Amma wa zai tsaya sauraron wannan bayanin da bindigar a hannunka?

Sai ga Haji Nawroz, dillalin tsoffin makamai daga Peshawar, ya sauka a hujrarmu, zauren da maza ke karɓar baƙi. Na kai shayi bakin ƙofa, na ɗan daɗe ina gyara mayafi, don haka na ji komai.

"Ƙarfe ne da itace, ɗan'uwa," in ji shi, yana ture bindigogin da mutane suka kawo masa. "Wadda ba ta da suna kuɗin akuya ce. Amma kawo min wadda wani babban mutum ya taɓa ratayawa, masu tara kayan tarihi a Lahore su saya maka babbar mota, har da fenti."

Da na ji kalmar mota na san mun shiga uku. Ɗanmu Zalmai, shi kaɗai Allah ya bar mana namiji, direba ne, yana jan motar wani tsakanin Peshawar da Karachi. Ba abin da uban ke mafarki kamar ya ga sunan yaron a goshin motar kansa.

Na tare Samandar a bakin rumbu ya zura hannu har kafaɗa cikin alkama.

"Baban Zalmai, ka ji tsoron Allah."

"Ke dai kin cika tsoro! Waɗanda suka yi rantsuwar ko ƙashinsu ya zama ƙasa."

"Jikokinsu fa?"

"Jikokinsu suna can suna sayar da waya a Kohat. Matsa min."

Mijina mutumin kirki ne, amma in ya ga idon jama'a a kansa, bakinsa yana riga hankalinsa fita. A gaban mutane ya kwance ƙullin, ya dafa ƙirji ya ce wannan ta Darwesh Baz ce, ba wata ba. Haji ya ɗauki hotonta ta kowane gefe, ya ce zai nemo mai tayi mafi tsoka. Hoton ya shiga wayoyi, ya haye dutse tun kafin Haji ya isa Peshawar.

Ba a yi mako ba saƙo ya zo. Malik Torsam, jikan Darwesh Baz, zai zo da dattawansu ranar Juma'a, yana so ya ga bindigar da idonsa. Saƙon bai ce komai bayan haka ba, kuma ba wanda ya buƙaci ƙarin bayani.

Samandar ya daina cin abinci. Ya ce ƙarya ya yi? Ya riga ya dafa ƙirji a gaban mutane, kuma yanzu ko ya musa, kowa zai ce tsoro ne. Na kira Zalmai na roƙe shi ya yi zamansa a Karachi.

"Inna, so kike a ce na gudu na bar Baba?" ya ce. Washegari da yamma sai ga shi da jakarsa. Na zauna ina kallonsa yana cin gurasa.

Ranar Alhamis na tafi ɗiban ruwa a idon ruwan da ke ƙasan gari. Mata suka yi tsit da na iso. Maƙwabciyata Shahtarina ta ja ni gefe, ta kai bakinta kunnena.

"Bakhtawara, ki rufa min asiri. Maigidana ya ce taku ta jabu ce. Ta gaskiyar tana gidanmu, cikin buhun masara. Kakansa ya saye ta wajen wani maƙeri, aka sa shi rantsuwa."

Na saki tulu har ruwa ya fantsama mana. "Da shaho a kusa da kunama?"

"Da shahonta."

Shahtarina ba ta iya raɗa ba, ko a makoki ana jin ta daga waje. Inna Gulandama, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin, ta ɗago daga wankin da take yi.

"Ku yaran nan me kuke cewa? Bindigar Darwesh Baz tana ƙarƙashin gadona tun ina amarya."

Wata ta rufe baki da mayafi ta ce tasu tana cikin rufin ɗakin shanu. Wata ta ce tasu a bayan tanderu aka binne ta. Muka tsaya muna kallon juna. Ashe maƙerin nan gida gida ya bi, yana sayar da bindiga ɗaya da labari ɗaya, rantsuwar da yake sa su kuwa ita ta tsare masa cinikinsa har bayan ransa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mazan. Kowannensu ya ga hoton, kowannensu ya ce a ransa ta Samandar jabu ce, ya ja bakinsa ya yi shiru yana murna masifa ta sauka a gidan wani.

"Ba za su fito da su ba," in ji Shahtarina. "Nawa dai sai dai a kashe shi."

"Wa ya ce su za su fito da su?" in ji Inna Gulandama. "Su suke share rumbun? Gobe in sun tafi masallaci, kowa ta ɗauko ta gidanta. Wanda zai daki matarsa ya fara da ni."

Haka aka yi. Baƙin sun iso daidai kiran salla, suka wuce masallaci tare da mazan gari. Liman na cikin huɗuba muka riƙa fitowa ta lunguna, kowace da dogon abu naɗe a bargo. Muka jera su a kan gadon igiya a tsakiyar filin hujra, gadon ya cika har muka jawo na biyu. Na ɗora tamu a cikinsu, na juya na sake dubawa, wallahi ba don bargon ba da ban gane ta ba. Sannan muka hau soron gidanmu muka laɓe a bayan katanga.

Mazan suka shigo, Samandar a gaba fuskarsa kamar toka, Zalmai a kafaɗarsa. Malik Torsam dogon tsoho ne mai jan gemun lalle, a bayansa akwai wani saurayi da bindigar zamani a rataye. Duk suka tsaya cak.

Mijin Shahtarina ne ya fara magana, don ya gane bargon aurensa. "Kai! Wa ya fito min da..." Sai ya haɗiye sauran. Na ga mazan garinmu ɗaya bayan ɗaya suna gane bargunansu, suna sunkuyar da kai suna duban takalmansu.

Malik Torsam ya ɗauki ta farko, ya shafa shahon da babban yatsa, ya ajiye. Ya ɗauki ta biyu. Bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe sai ya zauna a bakin gado, kafaɗunsa suna rawa. Na damƙe hannun Shahtarina, na ɗauka fushi ne. Ashe dariya yake, hawaye na bin gemunsa.

"Allah ya isa tsakaninmu da maƙerin nan," ya ce. "Mahaifina ya sayar da gona ya fanshi bindigar ubansa a hannunsa. Bayan an kwana biyu maƙerin ya dawo ya ce waccan kuskure ce, ga ta gaskiyar, ya sake karɓar wata gonar. Duka biyun suna rataye a ɗakina yanzu haka, da shahonsu."

Wani dattijo cikin mutanensa ya yi gyaran murya. "Malik, in kuma ta gaskiyar tana cikin waɗannan fa?"

"To tashi ka nuna min ita. Mun yi rantsuwa a kan gida ɗaya. Ba mu yi a kan gari guda har da ɗakin kwanana ba."

Ya juya ya kamo hannun saurayin da ke bayansa, ya dubi Samandar.

"Wannan jikana ne. Watan jiya aka ɗaura masa aure. Da ta tabbata, shi zai ɗauki jinin, daga nan kuma naku su neme shi. Tun daga gida nake addu'a Allah ya sa ƙarya kake yi."

Zalmai ne ya matsa ya miƙa wa saurayin hannu. Ni kuwa na zauna daɓas a kan soro ina kuka, Inna Gulandama tana dukan bayana tana cewa in tashi, baƙi za su ci abinci.

Rago biyu aka yanka. Ba macen da aka daka, ko da yake mijin Shahtarina ya yi kwanaki ba ya yi mata magana, ita kuma ta ce hutu ta samu.

Labarin ya haye dutse kamar yadda hoton ya haye. Haji Nawroz ya bugo waya ya ce masu sayen sun janye, wai suna neman abin da babu irinsa. Yanzu bindigar tana rataye a fili a bangon tsakar gida, a kanta nake shanya barkono.

Ranar da Zalmai zai koma aiki, yana zaune yana karyawa, Samandar ya tsaya a gaban bindigar ya daɗe yana girgiza kai.

"Dubi abin da kuka yi min, ke da ƙawayenki. Yanzu ko kuɗin akuya ba za ta yi ba."

Na ƙara wa Zalmai shayi. Motar mutane tana jiransa a bakin titi, da sunan wani a goshinta, zai hau ta ya tafi Karachi, kuma ba wanda zai tsaya masa a mashigar dutse.

"Baban Zalmai," na ce, "ko kuɗin kaza ba na so ta yi."