Akurkin Inna Tambaya

Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ƙarar diga a gidan maƙwabciyata, Inna Tambaya. Katangar da ke tsakaninmu gajeriya ce, sai na taka turmi na leƙa. Leburori ne ke rushe akurkin kajinta, ɗanta Ɗanmaliki na tsaye cikin shadda mai sheƙi yana yi musu nuni da makullin mota.

"Ɗanmaliki, ka bar mani akurkina," in ji tsohuwar. "Ɗari na tafe. Ina kaka so su kwan?"

Ya yi dariya, ya ce ai ya sa an ƙera mata keji na kwano da waya, irin na birni. Abokan aikinsa daga Sakkwato kan biyo Tambuwal su gaishe ta, kuma ba zai yiwu su riƙa tarar da uwarsa a ɗakin ƙasa, kashin kaji ko'ina ba. Tun da damina ya ture tsohon ɗakinta na rufin ciyawa, ya gina mata na siminti mai ƙofar ƙarfe da tagar gilashi mai zugewa. Unguwa kowa na sa masa albarka. Ni dai na ga tsohuwa tana kokawa da makamar tagar nan har hannunta ya gaji ta haƙura.

Kajin nan ba kowaɗanne kaji ba ne a wurinta. Wake-wake ne, irin da ta zo da su daga Fakku ta ƙasar Kebbe, daga gidan uwarta. Duk amaryar da aka kawo layinmu, Inna Tambaya za ta aika mata da sagara guda daga cikinsu. Ni ma da aka kawo ni gidan Haliru ta ba ni tawa, ta kuma shigo da kanta ta kwaɓa laka da ciyawa ta gina mini akurki. Ta juya ƙofarsa ta ba iska baya, ta zuba toka a ƙasa, ta huda 'yan ramuka can sama. Ta ce kaza na son ɗumi, amma ba ta son a toshe mata numfashi.

Sanyin bana ya shigo da ƙarfinsa. Da asuba in ka taɓa kwanon kejin nan sai ka janye hannu, iska kuma na ratsa wayar yadda ta ga dama. Inna ta lulluɓe shi da buhuna da tsohon zanenta, duk a banza. Mura ta kama kajin. Sai ka ga kaza ta tsaya ta saki fukafukai, ido a rufe, tana wani irin minshari. Ta jiƙa musu ɓawon maɗaci, ta sa barkono a ruwansu, Haliru ya ɗauko malamin dabbobi a babur, ya duba ya ce an makara. Kowace safiya ina jin ta tana haƙa rami a bayan gida.

Na kira Ɗanmaliki a waya. Na gaya masa kejinsa na kashe kaji, tagarsa kuma ba ta buɗuwa, ya turo magini a mayar mata da akurkinta. Ya ce yana cikin taro. Ya ce in kaji ne, ko kwali nawa take so na gidan gona zai aiko mata. Na ajiye wayar cike da takaici. Mutum ya tashi a gidan nan, ya ci ƙwan kajin nan har ya yi gemu, amma bai san abin da uwarsa ke kuka a kai ba.

Har ya zama saura kaza ɗaya, wadda ta yi kwanci a bayan randa ta ƙyanƙyashe 'yan tsakinta a tsakiyar sanyin. Bayan la'asar na leƙa ta katanga, na ce ta miƙo mini su in sa su cikin nawa akurkin, akwai wuri.

"A'a, ɗiyata," ta ce. "Wagga cuta bin iska takai. In nik kai su wurinki, naki ma su tafi. Abin da nika gudu ke nan. Naki su ɗai sunka rage mani in waɗanga sun ƙi."

Na yi magiya, ta ƙi. Ta ce ɗakinta za ta shiga da su, ta kifa musu kwando, ta sa kaskon garwashi kusa, yadda take yi tun tana yarinya in ɗari ya yi tsanani. Ban ga abin tsoro a ciki ba, don uwata ma haka take kwana da wuta. Na bar ta tsugune tana fifita gawayi da faifai, kazar na kai-komo a gefen ƙafarta.

Washegari rana ta fito ban ji tsintsiyarta ba. Na yi sallama ta katanga, shiru. Haliru ya zagaya ya buga ƙofar ƙarfen har hannunsa ya yi ja, sannan ya kira maƙeri aka ɓalle ta. Iskar da ta fito ta sa Haliru jiri. Inna na kwance a tabarma ta sauko daga gado, hannunta ɗaya a kan kwandon, kamar mai barci. Garwashin kaskon ya zama toka. Da na ɗaga kwandon, kazar na kwance, 'yan tsakin duk a ƙarƙashin fukafukanta, babu mai motsi.

Ma'aikacin lafiyar da aka kira ya dubi tagar, ya dubi ƙofar, ya ce garwashi ne ya cinye iskar ɗakin. A ɗakin ciyawa tururin kan fice ta rufi, a nan kuwa bai da hanya. Ya gwada zuge tagar, shi ma sai da ya sa hannu biyu.

Na san kwana ne ya ƙare, ban yi wa Allah gardama ba. Amma ranar zaman makoki ina cikin mata na jiyo Ɗanmaliki a zaure yana gaya wa baƙinsa cewa ya gode Allah da ya ba shi ikon gina mata ɗaki mai kyau kafin ta cika. Suka ce Allah ya saka masa. Sai da na ciji gefen mayafina don kada in tashi in faɗi abin da zai sa a fitar da ni.

Ana gobe sadakar uku Ɗanmaliki ya yi sallama a ƙofarmu, Haliru ya shigo da shi. Idonsa ya kumbura, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce manyan baƙi za su zo, kuma an ce masa kajin gida sun fi daɗi, ko zan ba shi 'yan wake-waken nan nawa a yanka.

"Na Inna na," na ce. "Ba a yanka su."

"Na Inna? Ai nata sun ƙare."

"Kai dai kas san haka."

Ya tsaya yana duba na, sannan ya juya ya dubi akurkin da ke kusurwar gida. Ban san ko ya gane ginin ba. Haliru ya kama hannunsa suka fita.

Da rana ta yi sanyi na watsa wa kajina tsaki, suka ci, suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Na duƙa zan jawo murfin. A saman ƙofar, inda Inna ta daddanna laka tun tana ɗanya, sawun yatsunta na nan. Na ɗora nawa a ciki. Lakar na da sauran ɗumin rana.