Ranar Zare Dami

A garinmu, Aduwar Ila, yamma da Gangara, a da ba a gadon sarauta. In maigari ya rasu sai a bari kaka ta yi, masu gida su taru a gindin aduwa, kowa ya ɗauko damin gero daga gonarsa ya ajiye gaban wanda yake so. Wanda tsibinsa ya fi, shi liman zai naɗa wa rawani. Haka aka yi wa Manzo tun kafin Nasara su shigo Damargu, yana da ƙuruciyarsa, gemu baƙi wuluk.

Kuma ya riƙe mu da kyau, kada a ci zalinsa. A zamaninsa ayarin Buzaye bai taɓa wuce mu ba. Su sauke gishiri da dabino, su loda gero, raƙuma a durƙushe tun daga kasuwa har bakin rijiya, mata na sayar da fura har ƙwarya ta ƙare. Shekarar babbar yunwa ya buɗe rumbunsa bai tambayi kowa ɗan wane ne ba. Ga shi da bakin sasanci. Makiyayi da manomi su zo masa da sanduna a hannu, su tashi suna tambayar juna lafiyar iyali.

Aikin hanya ne ya ɓata shi. Da Nasara suka fara sharar hanyar mota zuwa Agadas, kowane gari sai ya ba da majiya ƙarfi. Gardi, dogarin Nasara, ya zo bisa doki ya faɗi yawan da ake so, maigari ya zaɓa. To, duk ranar da gardi ya sauka, sai ka ji 'ya'yan Manzo sun bi shanu arewa, 'ya'yan surukansa kuwa zazzaɓi ya kwantar da su. Waɗanda ake turawa su ne dai na bara, 'ya'yan marasa baki. Su dawo kafaɗa a saɓule, shuka ta wuce su.

Wanda ya tsaya kan maganar Ɗan Azumi ne, taubashin Manzo, ɗan gwaggonsa. Shi kaɗai ke iya kiransa bawa a bainar jama'a a yi dariya. Ya tara dattawa suka je wurin Liman Ilyasu, don ta nan ake farawa. Liman ya tafi zauren Manzo, aka shimfiɗa masa buzu ya ƙi zama. Ganin haka Manzo ya san abin da ke tafe da shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Liman, "mutane na neman dammunansu."

"Su nawa, Allah gafarta Malam?"

"Za ka gani ran Asabar."

Kafin Asabar ɗin Manzo ya yanka rago, ya aika da nama gida-gida, ya gai da mutanen da ya manta hanyar ƙofarsu. Kowa ya karɓa ya yi godiya ya ci. Ran Asabar kuma kowa ya fito.

Ga yadda ake yi. Maigari zai fid da dami daga rumbunsa, ɗaya a madadin kowane mutum da ya zaɓe shi, a tsibe a gindin aduwa. Ya zauna a ƙasa, ba buzu ba tabarma, amma da rawaninsa. Mai ƙara ya yi magana a tsaye, maigari ya amsa. Daga nan duk wanda ya daina sonsa ya zo ya dube shi ido da ido, ya faɗi dalilinsa da ƙarfi, ya ɗauki daminsa a ka ya kai gindin ɗaya aduwar da ke tsallaken fili. Wanda ya kawo dami da kansa shi kaɗai ke da ikon ɗaukewa, kuma ba mai taya shi, don kada gobe a ce tilas aka yi masa. In tsibin can ya fi na nan, rawani ya sauka.

Ɗan Azumi ya miƙe da hantsi.

"Jama'a, ga bawana nan, kun san shi. Ni ban ce ya ci na kowa ba. Na ce dai a gidansa akwai wata irin cuta da ba ta tashi sai ta ji ƙofaton dokin gardi."

Aka yi dariya, har Manzo ya murmusa.

"Uban gidana ya iya magana," in ji shi, "tun muna yara ita kaɗai ya iya. Ku tambaye shi, ranar da gardi ya ɗaga bulala, wa ya tsaya a gabansa? Mutanen da aka nema bara, wa ya roƙa aka rage? Kuna inuwa kuna shan fura, ni ina bariki a tsugune."

"An rage, gaskiya ne. To ragowar, daga gidan wa suka fito?"

Manzo ya dubi ƙasa. Ya ce kowane uba uba ne.

Aka fara ɗauka. Ɗan Azumi ne na fari, ya ce saboda hanya, ya aza damin a ka ya wuce. Wasu suka biyo. Wani tsoho ya zo ya ce shi saboda akuyarsa ce da aka yanke masa hukunci a kanta tun shekarar fara, aka yi ta dariya, amma Liman ya ce dalili dalili ne. Wasu kuwa suka zauna daram, suka ce mutumin da ya ciyar da su a yunwa ba za su kwance masa kai ba.

Da masu ɗauka suka ƙare, Ɗan Azumi ya duba ya ga tsibin Manzo bai ragu yadda ya zata ba. Shi da dattawansa masu rai kawai suka lissafa. Sun manta sarautar ta daɗe, da yawa cikin waɗanda suka kawo dami suna maƙabarta, kuma ɗa ba ya ɗaukar na ubansa.

"Allah gafarta Malam, na mamatan fa? A fid da su gefe mana."

"Da izinin wa?" in ji Liman. "Sun ba shi, ba su karɓa ba."

Manzo ya gyara zama. "Je ka tambaye su, uban gidana. Ba nisa. Ni dai tun da suka tafi ban ji ɗayansu ya yi kuka da ni ba."

Liman ya bi tsibi biyun yana taɓa kowane dami da sandarsa. Suka zo daidai. In kuwa suka zo daidai, mai rawani na nan da rawaninsa. Mutanen Manzo har sun fara kakkaɓe riguna.

Sai ga Kaltuma ta fito daga cikin matan da ke tsaye bayan danga. Tsohuwa ce, matar marigayi Barmo, aminin Manzo tun suna kiwon awaki. Ɗanta guda ne, kuma duk zuwan gardi da shi ake tafiya. Tun dawowarsa ta ƙarshe yana kwance yana tari.

"Malam, na zo ɗaukar namu."

"Kaltuma, wannan zaman maza ne. Mai damin ya riga mu gidan gaskiya."

"Allah ya jiƙansa. Amma shekarar da aka yi zaɓen kurkunu ya kama shi ƙafa biyu, ko zaure ba ya iya fita. Ni na yanka, ni na ɗaure, ni na ɗauko a kaina na ajiye nan. Ku tambayi mai rawanin, shi ya ce mini sannu da kaya."

Tsofaffi suka dubi juna, suka fara gyaɗa kai, don sun tuna. Liman ya juya ga Manzo. Da ya ce bai tuna ba, da maganar ta mutu a nan.

"Haka aka yi," in ji Manzo.

"To faɗi dalilinki."

Ta matso ta dube shi. "Ka ce kowane uba uba ne. Yaron nan nawa ba shi da uba, shi ya sa. Kuma kai ka yi wa uban nasa wanka."

Ta sunkuya ta kama damin. Geron Damargu ne na shekara mai kyau, zangarniya doguwa, nauyi kamar ɗan maraƙi. Ta ɗaga ya kai gwiwa, ya suɓuce. Ta sake, ya kai ƙirji, ta yi tangaɗi ta dire shi. Ɗan Azumi ya yunƙuro, Liman ya tare shi da sanda. Ta huta tana haki, ta gyara ɗankwali, ta sake kamawa. Kowa ya gani ba za ta iya ba. Manzo ya ci gaba da zama kawai, rawaninsa ya tsira.

Ba mu taɓa sanin ko ya yi tunani ba, ko kuwa jikinsa ne ya riga shi, don a garinmu namiji ba ya zama yana kallon tsohuwa na fama da kaya. Sai dai muka ga ya miƙe, ya kama gindin damin.

"Riƙe can, matar yaya. Bismilla."

Ya aza mata, ya daidaita shi a kanta, ya ja baya.

Wani daga cikin mutanensa ya yi tsalle. "An taya ta! Malam, ai an taya ta, bai ci ba!"

"Wa ya taya ta?" in ji Liman. "Je ka ce shi ya tilasta mata."

Kaltuma ta ratsa filin a hankali, hannu ɗaya a dami ɗaya a ƙugu, har ta kai ta sauke. Tsibin can ya fi na nan.

Daga wannan shekara ba a sake tsiba dami a Aduwar Ila ba. Naɗi ya koma bariki, wanda aka turo shi ke nan, ko kana so ko ba ka so. Mu da muka ga na ƙarshe mun san an taɓa yin lokacin da za ka dubi mai mulkinka ka faɗa masa, kuma da la'asar ku yi sahu ɗaya a masallaci.

A ranar dai, Manzo bai jira Liman ya taɓa kansa ba. Ya warware rawanin da hannunsa, ya naɗe shi tsaf ya miƙa. Ashe duk ya yi sanƙo, ba wanda ya sani. Rana ta take, kan sai ƙyalli yake.

Ɗan Azumi ya zo ya tsaya a kansa. Can ya cire malafarsa ya kifa masa.

"Rufe, bawa, kada ka makantar da jama'a."

"Tana warin jaki," in ji Manzo. Amma bai cire ba.