Idon Baba na Ranar Asabar

Ku yi mini haƙuri tun kafin ku fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, shi ma a lungu. Idan kuka ga na yi tuntuɓe a wani wuri, ku wuce abinku kamar ba ku gani ba, don in kuka tsaya ɗaga ni kunyar za ta fi yawa.

Babanmu tela ne, ko in ce tela ne a da. Kekensa na nan a kusurwar falo, Umma ta lulluɓe shi da tsohon zani. Ciwon suga ne ya cinye masa ido a hankali. Da farko zare ya daina shiga masa allura, daga baya fuskokinmu suka koma inuwa. Amma bai daina kallon talabijin ba. Kallo yake cewa, kuma ba wanda ya taɓa gyara masa.

Duk Asabar da yamma ana sa wani shiri mai dogon zango, na wa da ƙane da ke rigima a kan otal ɗin da ubansu ya mutu ya bari. Baba zai zauna a kujerarsa, Yaya kuma, wato babbar 'yarsa, ta jawo ƙaramar kujerar roba ta manne a gefensa ta zama idonsa. Maganar 'yan wasa yana ji da kunnensa. Abin da baki bai faɗa ba, shi Yaya take faɗa masa. A gidanmu ba wanda ya damu da sunayen da aka ba mutanen shirin, namu muka raɗa musu. Wan shi ne Mai Gemu, ƙanen Ɗan Lele, sai Likita, wadda su biyun suke so.

"Wa ya shigo?" Baba zai tambaya.

"Mai Gemu ne, Baba. Ya sa wata kwat, wallahi kamar an rataye ta a ƙusa."

"Ta yi masa yawa?"

"Mutum biyu sai su kwana a ciki."

"Aro ce. Ba a auna shi ba. Hannun fa?"

"Ya haɗiye agogon."

"Tir. Ga otal guda, an rasa tela."

Sai Umma ta ce, "Don Allah ku bar mutane su ji abin da ake faɗa," alhali ita ma dariyar take yi.

Ni ina can ƙarshen doguwar kujera da littafi a cinya. Ni ce auta, amma Malama suke ce mini, saboda karatun. Sun ɗauka ba na sauraro. Gaskiyar ita ce shafi ɗaya nake riƙewa har a gama shirin.

Sai Yaya ta samu aikin jinya a wani asibiti mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Asabar ɗin farko bayan tafiyarta, Baba ya fito a kan lokaci ya zauna. Kiɗan farkon shirin ya tashi. Umma ta dube ni, ta dubi kujerar robar, ta sake dubana. Na ajiye littafin na je na zauna.

"Wa ya shigo?"

"Wani ne… Ɗan Lele ne, Baba. Fuskarsa tana ɗauke da wata irin damuwa, kamar ta mutumin da ya daɗe yana…"

"Ai ya fita. Na ji ƙofa."

Haka muka yi har ƙarshe. Kafin in samo kalmar da ta dace, abin ya wuce, an shiga wani ɗaki. Da aka gama Baba ya laluba ya dafa kaina ya ce, "Sannu, Malama. Kin yi ƙoƙari." Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Mako na gaba gyangyaɗi ya yi. Wanda ya biyo baya kuma ya ce bayansa na ciwo, ya koma ɗaki ana tsakiyar shiri. Da muna wanke-wanke Umma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wannan shirin ne kaɗai ke fito da shi falo. In ya bar shi, sai dai mu riƙa kai masa abinci ɗaki kamar majinyaci." Ba ta ɗora mini laifi ba. Ni na ɗora wa kaina.

A makon ne na gano cewa tun safiyar Asabar ake sa shirin a intanet, kafin ya zo talabijin da yamma. Na ji kamar an buɗe mini taga. Abin da na iya ke nan a duniya, in yi bita kafin jarrabawa. Na ɗauki wayata na zagaya bayan gida wurin igiyar shanya, na kalle shi kaf. Ina tsayar da hoton ina duba wuyan riga, aljihu, maɓalli, inda kalmasa ta karkace. Na sake kallo, ina maimaita abin da zan ce a bakina har ya zauna.

A ranar ne Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo yini. Ita kuwa ba fim ɗin da ya fito da ba ta gani ba, kuma ba wanda ya taɓa burge ta.

"Finafinan yanzu duk duhu," ta ce tana gyara zama, "kamar an yanke musu wuta. Wanda na kalla shekaranjiya, mutum ya mutu tun a farko, mun sha kuka, a ƙarshe sai ga shi yana shan shayi. Ba wanda ya ce masa daga ina."

"Ni kiɗan ne ya ishe ni," Umma ta ce. "Mace za ta buɗe firiji, sai a saki ganga kamar za a fita yaƙi."

Gwaggo ta ce, "Wannan naku ma ai jan rai ne. Tun bara Likita take tsaye a bakin ƙofa tana tunanin wanda za ta zaɓa. Marasa lafiyarta fa, wa ke duba su?"

"Ke dai ba a iya miki," Baba ya ce. "Tun kina yarinya ko tatsuniya aka yi miki sai kin ce an yi ƙarya."

Shiri ya fara, ni kuma bakina ya buɗe kamar ba nawa ba. "Likita ce, Baba. Doguwar riga shuɗiya, wuyan zagaye, an yi mata tattara a ƙugu. Ɗinkin ya zauna, sai dai zif ɗin baya ya ɗan yi tudu."

Baba ya ɗaga gira. "Bai goge ba kafin ya ɗora," ya ce, ya gyara zama ya matso. Zuciyata ta yi fari. Umma ta dube ni da mamaki, har Gwaggo ta ce, "A'a, yau Malama an kunna ta."

Can wajen ƙarshe Mai Gemu ya tare Likita a matattakalar otal yana faɗa mata maganar banza a kan ƙanensa. Na san abin da ke tafe, na shirya masa tun safe. "Ta ɗaga hannun hagu, Baba, ta mare shi, tabaransa ya faɗi ƙasa."

Sai bayan na rufe baki ƙarar marin ta fito. Umma ta yi ihu, Gwaggo ta miƙe tsaye tana tafi tana cewa, "Ƙara masa! Ƙara masa, 'yar albarka!" Baba kuwa bai motsa ba. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Kin riga kin gani," ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.



"Ko numfashinki bai canja ba. Da yayarki ce, da yanzu ta taka mini ƙafa." Ya ɗan murmusa. "Ba labari nake so a ba ni ba, Malama, rediyo ma na yi mini wannan. So nake mu gani tare." Sannan ya ƙara, "Amma zif ɗin kin gan shi daidai."

Asabar ta gaba bai fito ba sam. Muna jin rediyonsa ta bayan ƙofa. Na yi tunanin in roƙe shi, in yi alkawarin ba zan sake leƙawa ba. Amma na san halina. Ni in abu ya ba ni mamaki, shiru nake yi, maganar ta koma ciki, sai bayan kwana biyu take fitowa. Ba zan taɓa taka masa ƙafa ba.

Sai na kira Yaya.

"Malama! An gama karance duniya?"

Na faɗa mata komai. Na zaci dariya za ta yi mini, amma ba ta yi ba.

"Kin san ban sake kallonsa ba tun da na zo?" ta ce. "Sau ɗaya na kunna. Mai Gemu ya shigo da wata hula, na juya zan yi magana, sai na ga bango. Na kashe."

"Kuna kama tashar a can?"

"Muna kamawa."

"To ki nemi wadda za ku yi musayar aiki ranar Asabar."

Ranar na jawo kujerar robar gefen ta Baba, na jingina wayata da kofi a kanta, na ƙure mata murya. Da kiɗan ya tashi na je na ƙwanƙwasa masa.

"Baba, an fara."

"Ku kalla kawai, bayan nan nawa…"

"Baba!" Muryar Yaya ta cika falon. "Fito ka ga abin kunya! Ɗan Lele ya sa wani wando, ƙafar ta tsaya a ƙwauri kamar zai tsallaka kwata!"

Rediyo ya mutu. Ƙofa ta buɗe. Ya fito yana bin bango da hannu, da saurin da na daɗe ban ga ya yi ba, har na matsa masa.

"Ke, ja'ira, daga ina?" ya ce yana laluben kujera. "Wandon, yadin ne bai isa ba ko gayu ne?"

"Gayu ne wai, Baba."

"Gayun tsiya. Telan ya ci rabin yadin."

Ashe talabijin ɗin Yaya tana ɗan bayan tamu kaɗan. Duk abin da ya faru, Umma za ta fara yin ihu a nan, a ɗan jima Yaya ta yi nata a waya. Baba ya ce shi ya ci riba, komai sau biyu yake faruwa. Umma ta ce su bar mutane su ji, Yaya ta ce ai ba abin ji, tun bara magana ɗaya suke yi. Suka kaure da musu a kan ko Likita ta yi wa Ɗan Lele tsufa.

Ina tsaye a bayan kujerar Baba. A allon, Likita ta karɓi kofin ruwa daga hannun Ɗan Lele, tana ce masa ba ta son sa, amma hannunta na rawa har ruwan na zuba a yatsunta. Yaya ba ta lura ba, tana kan zancen takalminsa. Ni na gani, a karon farko tare da kowa, kuma maganar ta zo mini a kan lokaci, gajeriya, daidai. Na sunkuyo kusa da kunnen Baba. Yana dariya har da share hawaye, ya karkata gaba ɗaya wajen wayar, ba wata 'yar kafa da zan sa maganata.

Na miƙe a hankali. Ƙofar kicin a buɗe take, na bi ta nan.