Ajiyar Inna Barira

"Aje shi nan, Shatu. Wanga ba na Mustapha ba na, duba tsumman da anka ɗaura mai."

Na sauke buhun ina haki. Tun hantsi nake fitar da kaya daga ɗakin Inna Barira, ita kuwa tana zaune kan tabarma a jikin rumbu, kumburarrun ƙafafunta a miƙe, tana ba da umarni kamar jandarma a bakin hanya.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata a nan Tajaye. Fiye da shekara talatin ita ce mai ajiyar unguwa. Da an gama girbi maza sun ɗaura niyyar ci-rani, sai kowa ya kawo mata abin da yake tsoron bari a gida: rediyo, keken ɗinki, sirdin raƙumi, takardun gona. Ba ta yi karatun lakwal ba, ba ta rubuta komai. Mai kaya zai yagi ƙyalle daga tsohuwar rigarsa ya ɗaura, ita ta dube shi sau ɗaya, shi ke nan. Ban taɓa jin ta ba wani kayan wani ba. Nata na kanta bai wuce gado da tukunya biyu da buta ba, amma ɗakin ya cika har sai ta karkace take shiga.

Ciwo ya kama ta tun bazara. Sau biyu ɗanta Rabilu yana zuwa da mota daga Ƙonni don ya kai ta likita, tana ƙi. Jira take ruwan farko ya sauka, 'yan ci-rani su dawo shuka, ta miƙa wa kowa nasa hannu da hannu. Ta rantse ba za ta bar gidan ba da ko allurar wani a wuyanta.

Ni ma ina da nawa a ciki, kuma ba na son sa. Akwatin ƙarfe ne a can ƙuryar gado, cike da kwanonin jere da zannuwan da na tara wa 'yata Latifa. Sanƙarau ya ɗauke ta saura wata guda bikinta. Ranar da aka share makoki na ja akwatin na kai wa Inna don kada in ƙara ganin sa, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Don haka duk wunin nan nake ta sharar gefensa kamar ban san shi ba.

Rabilu ya zo karo na uku bayan 'yan ci-rani sun dawo, yana ta duban gabas inda hadari ke haɗuwa.

"Inna, in ruwan ga ya zuba ƙorama ta cika, mota ba ta wucewa. Mu tahi, kaya ba su gudu."

"Su ba su gudu," in ji ta. "Ni ka gudu."

Masu kaya suka yi ta shigowa. Inna tana da doka ɗaya: ba a ɗaukar ajiya a rufe. Sai ka kwance a gabanta, ka duba, ka ce ya cika, sannan ta sallame ka. Mustapha mahauci, wanda furfura ta riga ta ci rabin gemunsa, ya tsaya yana juya wata rediyo yana rantsuwa shi bai san ta ba. Inna ta ce:

"Taka ta. Kana samari ka kawo ta, shekarar da ka tai Abijan ka komo da takalmi ɗai da tari."

Mata suka kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya rungumi rediyonsa ya fita yana sa mata albarka.

Kafin la'asar ɗakin ya zama wayam. Na ga kusurwoyin da ban taɓa gani ba, har da wata 'yar taga da buhuna suka toshe tun kafin in zo unguwar. Na jingine tsintsiya na ce zan je in ɗora tukunya.

"Shatu, saura guda."

"Bar shi dai, Inna, har ki komo."

"Dube ni da kyau. Ni da ke mun san wagga tahiya."

"Ba ni iya ganin su," na ce.

"To ni za ki bar ma su? In anka tambaye ni can, mi za ni cewa? In ce Shatu ta ƙiya?"

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami. Na ce ta riƙe wa duk garin nan tarkace ba ta gaji ba, nawa kaɗai ya yi mata nauyi. Ta gyara zama ta ce wa Rabilu ya kashe motar, yau ma ba ta zuwa. Na dubi ƙafafunta, na dubi hadarin, kunya ta rufe ni. Tsohuwa za ta rasa magani saboda tsorona.

Na shiga na jawo akwatin har gabanta. Ƙyallen zanena yana nan a hannunsa, ya koɗe.

"Buɗe."

Na ɗauka tsatsa zan tarar da ɓarnar gara. Da na ɗaga murfin, kwanonin suna sheƙi, zannuwan a ninke tsaf, an jera ganyen dogonyaro a tsakaninsu, ganyen ma bai gama bushewa ba.

"Wa ya taɓa su?"

"Ni. Kowace shekara, ran kasuwar Ilela, in na ga kin hau amalanke. In wanke, in shanya, in maida kahin ki komo. Kayan ɗiya ba a barin su su ruɓe."

Shekara goma sha ɗaya ina wuce ƙofarta ina kau da kai, ita tana bayan katanga tana wanke wa 'yata kwanoni. Na zauna a ƙasa na yi kuka, irin wanda ban samu yi ba ranar makoki. Ta bar ni har na gaji, sannan ta tambaya a hankali, kamar yadda ta tambayi kowa.

"Ya cika?"

"Ya cika, Inna."

"Alhamdu lillahi. Rabilu, tada motakka."

Butarta ta ɗauka da carbi da zane ɗaya. Sun haye ƙorama kafin ruwan ya sauko. Kwana huɗu ta yi a gadon likita, Rabilu ya ce tana ta tsokanar masu yi mata allura. Ran na biyar da safe ya bugo waya, a Ƙonni aka yi mata sutura.

Ranar sadakar uku muka taru a gidanta, muka tuƙa tuwo tukunya biyu, sai a lokacin muka tuna gidan ba shi da kwano ko na rantsuwa. Mata suka fara shawarar wa za a aika gidan wa. Na ce su dakata. Na tsallaka gida na kwaso na Latifa gaba ɗaya, aka zuba tuwo, aka raba unguwa gida gida.

Da yamma wasu kwanonin suka dawo, wasu ba su dawo ba, ban aika nema ba. Bayan kwana bakwai, ina hanyar gona da hauya a kafaɗa, na hangi jikar Mustapha zaune a ƙofar gida, ko yaye ta ba a yi ba. Ta rungume ɗaya daga cikin kwanonin Latifa a cinya, mai jan fure a baki, ta cusa hannu har wuya tana suɗe sauran kunu.